Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin Da Na Koya Daga Rushewar Ƙungiyar Cubs Ta Shikago

Abokan aikina a tsangayarmu sun daɗe suna yi mini ba'a a kan wata ɗabi'a da na dawo da ita daga Amurka. A duk lokacin da aka zauna ana musu a kan Arsenal da Chelsea, ko ana jajanta wa juna a kan Kano Pillars, ni hankalina yana can birnin Shikago, wajen wata ƙungiyar wasan besbol da ake kira Cubs, wadda a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ko rigarta. Wani daga ciki har cewa ya yi kowa ya je ƙasar waje yakan dawo da tsarabar da za a mora, ni kuwa ciwon rai na ɗauko na biya masa kuɗin jirgi. Ban musa masa ba. Sai dai a cikin shekaru fiye da goma da na yi ina bin wannan ƙungiya, na ga an rushe ta da gangan har sau biyu, an kuma sake gina ta sau biyu, kuma bambancin da na gani tsakanin rushewar farko da ta biyu shi ne abin da nake son in tattauna da mai karatu a yau.

Kafin in yi nisa, ya kamata in yi shimfiɗa saboda wanda bai san wasan ba. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, ɗaya tana jifa da tsaron fili da mutum tara, ɗaya kuma tana bugu. Mai jifa yakan wurgo wata ƙwallo mai tauri da ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, mai bugu kuma ya tare ta da kulki. Idan ya same ta sai ya ruga ya bi ta zango uku ya dawo inda ya tashi, a nan ne za a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da zarar an fitar da masu bugu uku sai a yi musayar matsayi, haka za a yi ta yi har zagaye tara. Ƙungiyoyi 30 ne a babban rukuni, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada, kuma kowacce tana yin wasa 162 daga ƙarshen watan Maris zuwa ƙarshen Satumba. A watan Oktoba fitattu kan yi ta fitar da juna har a rage biyu, su yi karawar ƙarshe da ake kira World Series, inda wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take ɗaukar kofi. Ƙungiyar da ta ci wasa 90 a kaka ta yi abin yabo, wadda kuwa aka doke sau 100 ta shiga bakin duniya.

Akwai kuma ƙa'idoji uku da sai an riƙe su kafin a gane labarin da zan bayar. Ta farko, a besbol ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni. Masoyan Pillars ba su manta da yadda ta faɗa rukuni na biyu a 2022 ba, duk da kofuna huɗun da ta taɓa ɗauka. A can kuwa ko ƙungiya ta zo ta ƙarshe tana nan daram, kuma kafin yarjejeniyar 2022 har ma akan ba ta damar riga kowa zaɓe a cikin matasan da suka fito daga makarantu a shekara mai zuwa. Ta biyu, ɗan wasa ba ya samun 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi taya shi sai ya cika shekaru shida cur a babban rukuni, kuma a ukun farko albashinsa ƙarami ne ƙwarai. Ta uku, kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban inda take renon matasanta shekara da shekaru kafin su isa fitowa, kuma abin da ya fara burge ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne sunan da Turawan suka raɗa wa wannan tsari, wato gona.

A kakar 2011 na isa wani ƙaramin garin jami'a mai nisan 'yan sa'o'i daga Shikago domin karatun digirin digirgir. Gidan da na kama haya, a ƙasana akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda rediyonsa ba ya mutuwa tun daga bazara har kaka. Da farko kunnena ne ya kai ni wurinsa, domin Turancin Pat Hughes, mai sharhin wasannin Cubs a rediyo tun 1996, ya bambanta da na littattafan da muke karantawa, ina son in ji yadda ake sarrafa karin sauti a cikinsa. Kafin shekara ta zagayo na manta da karin sauti, na koma tambayar wa ya ci. Na riƙa kiran dattijon Baba, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Shi ya ba ni labarin cewa rabon Cubs da kofi tun 1908, rabonta da zuwa karawar ƙarshe kuwa tun 1945, lokacin yana ɗan shekara tara. A waccan karawar ce aka kori wani mai gidan shaye-shaye daga filin Wrigley saboda ya shigo da bunsurunsa, aka ce ya yi wa ƙungiyar baki, kuma mutane masu hankalinsu suka yi shekaru saba'in suna ɗora wa bunsuru laifi. A ranar na gane cewa camfi ba shi da ƙabila.

Rushewar farko ta fara ne a daidai lokacin da na sauka. Iyalan Ricketts, waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2009 a kan kuɗi sama da dala miliyan 800, sun ɗauko Theo Epstein a watan Oktoban 2011, mutumin da ya kawo ƙarshen jiran shekaru 86 da Boston Red Sox ta yi a 2004. Epstein bai ɓoye wa kowa komai ba. Ya bayyana cewa ƙungiyar ta tsufa, gonarta ta bushe, za a faro daga tushe, kuma za a sha wuya. Aka kuwa sha. An doke Cubs sau 101 a 2012, sau 96 a 2013, sau 89 a 2014. Amma duk wanda ya sa ido ya ga inda aka dosa. A 2012 aka karɓo Anthony Rizzo daga San Diego Padres, aka kuma ba da tsohon mai jifa Ryan Dempster aka karɓi wani yaro Kyle Hendricks. A 2013 aka karɓo Jake Arrieta, wanda Baltimore Orioles ta gaji da shi, aka kuma zaɓi Kris Bryant a matsayi na biyu cikin matasan shekarar. A 2014 aka zaɓi Kyle Schwarber. Sai da aka ga amfanin gona ya kusa nuna, sannan aka buɗe lalita a watan Disambar 2014 aka ɗauko Jon Lester a kan dala miliyan 155 na shekaru shida, aka kuma kawo Joe Maddon ya zama koci.

A 2015 ƙungiyar ta ci wasa 97, a 2016 ta ci 103. Ni kuwa a tsakiyar 2016 na kammala karatu na dawo gida, saboda haka a Kano na saurari wasa na bakwai na World Series ta intanet, daren 2 ga Nuwamba, bayan Cubs ta farfaɗo daga ci uku da ɗaya da Cleveland ta yi mata. Ana shida da uku a zagaye na takwas sai Cleveland ta rama, aka yi shida da shida, aka gama zagaye tara babu gwani. Sai ruwan sama ya sauko aka dakata na minti 17. Da aka dawo Cubs ta ci biyu, Cleveland ta rama ɗaya, sannan Bryant ya tsinci ƙwallon ƙarshe ya jefa wa Rizzo, shi kuma ya cusa ta a aljihun baya. Takwas da bakwai. A agogonmu ana neman ƙarfe shida saura kwata na safe, gari ya fara wayewa, ga ni ni kaɗai a falo ina share hawaye saboda wani dattijo mai shekara 80 da ke can wata nahiya. A daren nan Bryant yana da shekara 24, Rizzo 27, Javier Báez da Schwarber 23, Willson Contreras 24. Babu wanda ya yi shakkar cewa wannan kofi na farko ne a cikin jerin kofuna.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yau idan na waiwaya, ina ganin rushewar ta biyu ta soma ne tun ana cikin wannan murna. A watan Yulin 2016 an ba New York Yankees matashin da ya fi kowa daraja a gonar, Gleyber Torres, domin a karɓi Aroldis Chapman na wata uku kacal. Wannan ban taɓa ganin laifinsa ba, domin jiran shekaru 108 ya isa uzuri. Amma da aka ɗanɗana sai abin ya zama jiki. A watan Disamba aka ba da Jorge Soler aka karɓi mai jifa na kaka ɗaya. A watan Yulin 2017 aka ba maƙwabta, wato White Sox, Eloy Jiménez da Dylan Cease aka karɓi José Quintana, wanda bai wuce matsakaici ba a duk zamansa. Soler ya je ya yi bugun tsallake katanga 48 a 2019, ya kuma zama gwarzon World Series na 2021 a Atlanta Braves. Cease ya zo na biyu a zaɓen gwarzon masu jifa na ɓangarensu a 2022. Manomin da ya ga rumbu cike yakan yi sha'awar ya dafa har da iri, ya ce baɗi ma Allah na nan.

Abin da ya tilasta wannan musaya shi ne gonar ta kasa fitar da masu jifa. A cikin shekaru tara da Epstein ya yi yana jan ragama, babu wani mai jifa da ƙungiyar ta zaɓa da kanta ta rena har ya zauna daram a cikin manyan masu buɗe wasa. Justin Steele, wanda aka zaɓa a 2014, sai a 2021 ya fito. Duk abin da gona ba ta bayar ba kuwa, dole a je kasuwa a saya da tsada, shi ya sa aka biya Yu Darvish dala miliyan 126 a farkon 2018, ga kuma dala miliyan 184 da aka riga aka ɗaure wa Jason Heyward tun 2015. Daɗin daɗawa, matasan nan da suka taso tare, albashinsu ma tare ya riƙa hawa, kuma tare wa'adin shekaru shidansu ya doso ƙarewa. Kowa ya san ranar tana tafe, domin a rubuce take. Duk da haka, a cikin manyan taurarin babu wanda aka sabunta wa dogon kwantiragi sai Hendricks a 2019. Bryant kuwa tun 2015 aka ɓata masa rai, lokacin da aka jinkirta fito da shi har zuwa 17 ga Afrilu, ta yadda ya tashi da kwana 171 maimakon 172 da ake lissafawa shekara guda, ƙungiya ta ci ribar ƙarin shekara ɗaya a kansa. Ya kai ƙara, ya sha kaye a farkon 2020.

Daga nan sai tsagar bango ta fara bayyana a fili. A 2017 Los Angeles Dodgers ta fitar da Cubs ana saura mataki ɗaya a kai karawar ƙarshe. A 2018 an ci wasa 95, amma a ranakun 1 da 2 ga Oktoba, a gida, Milwaukee Brewers ta ƙwace shugabancin shiyya da ci uku da ɗaya, washegari Colorado Rockies ta yi waje da ita da ci biyu da ɗaya bayan zagaye 13. Maki biyu a wasa biyu daga 'yan wasan da aka ce babu kamarsu wajen bugu. A hunturun da ya biyo baya, lokacin da manyan taurari irin su Bryce Harper da Manny Machado suke kasuwa, mai ƙungiya Tom Ricketts ya ce kuɗi sun ƙare, aka ɓige da ɗaukar 'yan cike gurbi. A watan Satumbar 2019 aka sha kashi sau tara a jere, huɗu daga ciki a hannun tsohuwar abokiyar gaba St. Louis Cardinals, a filin Wrigley, kowanne da tazarar maki ɗaya. Maddon ya tafi. Bayan gajeriyar kakar annobar korona ta 2020, Epstein ma ya ajiye aiki a watan Nuwamba, ya bar wa mataimakinsa Jed Hoyer. Ba a yi wata biyu ba aka sallami Schwarber ba tare da an karɓi ko sisi ba, aka kuma miƙa wa Padres Darvish, wanda ya zo na biyu a zaɓen gwarzon masu jifa na shekarar, aka karɓi mai jifa ɗaya da yara huɗu.

Ƙarshen tika-tiki ya zo a 2021. A ranar 24 ga Yuni ƙungiyar tana kan gaba a shiyyarta, sai ta faɗi wasa 11 a jere. Ranar Alhamis 29 ga Yuli aka ba Yankees Rizzo. Ranar Juma'a 30 ga wata, wadda ita ce ranar ƙarshe ta musayar 'yan wasa, ina zaune bayan sallar isha'i ina duba waya, labari yana shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar sanarwar rasuwa a rediyo: Craig Kimbrel ya tafi White Sox, Báez ya tafi New York Mets, Bryant ya tafi San Francisco Giants. Kafin ƙarfe tara na dare a agogonmu an watse. Washegari aka fito da wasu mutane sanye da rigar da na sani, amma ban san sunan rabinsu ba. A watan Agusta aka sake faɗuwa sau 12 a jere, aka gama kaka da ci 71, faɗuwa 91.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai a wancan lokaci shi ne yadda aka riƙa wasa da kalmomi. A 2011 an kira abin da sunansa, an ce sake gini za a yi, kuma mun san ma'anar hakan. A 2021 kuwa shugabannin sun yi ta kewaye-kewaye don kada kalmar ta fito daga bakinsu, suna maganar gyaran fuska da shirya babbar ƙungiyar Cubs ta gaba. Sanin kowa ne cewa mutum ba ya gudun kalma sai in tana ɗauke da tambayar da ba ya son amsawa. Wanda ya ce zai sake gini, za a tambaye shi wa ya rushe na da, kuma wannan karon ba wasu magabata aka gada ba, su ne dai mutanen da ke riƙe da ginin tun farko. Ga shi kuma ƙungiyar ba matalauciya ba ce. Tana birni na uku a girma a Amurka, filinta na Wrigley da aka gina tun 1914 yana cikin masu tsadar tikiti, kuma a 2020 ta buɗe tashar talabijin tata ta kanta.

Amurkawa suna kiran lokacin hutun wasa da sunan da za a iya fassarawa da kakar murhu, saboda a da idan dusar ƙanƙara ta rufe filaye, masoya kan kewaye murhu a kantunan ƙauye suna jin ɗumi suna musu a kan wa za a saya, wa za a sayar. Duk wanda ya taɓa zaman hira a bakin wuta lokacin hunturu ya san daɗin irin wannan musu, domin a cikinsa babu wanda ake dokewa. Na yi hunturu huɗu a bakin wannan murhu. A na farko an ɗauki Marcus Stroman a kan dala miliyan 71, sai masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa ga 'yan wasa na kwana 99 saboda rikicin albashi, da aka buɗe aka kawo Seiya Suzuki daga Japan a kan miliyan 85. Sakamako a 2022: ci 74, faɗuwa 88. A na biyu Contreras ya koma Cardinals, aka ɗauki Dansby Swanson a kan miliyan 177 na shekaru bakwai, aka ci 83 a 2023, aka kuma zubar da damar shiga gasar Oktoba a makonnin ƙarshe. A na uku aka sallami koci David Ross, ɗaya daga cikin jaruman 2016, aka ƙwato Craig Counsell daga Brewers a kan miliyan 40 na shekaru biyar, albashin da babu kocin da ya taɓa samun irinsa kafin nan. Sakamako a 2024: ci 83, daidai da na bara, ko ɗaya bai ƙaru ba.

Adalci ya tilasta mini in faɗi abin da zuciyar masoyi ba ta so. Sayar da taurarin da aka yi a watan Yulin 2021, a halin da aka riga aka shiga, shi ne daidai. Bryant ya karɓi dala miliyan 182 daga Rockies a 2022, amma ciwon baya da sauran raunuka suka hana shi sakat. Báez ya karɓi miliyan 140 daga Detroit Tigers, ya yi shekaru uku yana fama. Da Cubs ce ta biya waɗannan kuɗaɗe da mun fi haka kuka. Yaron da aka karɓa a madadin Báez kuwa, Pete Crow-Armstrong, ɗan shekara 19 da ke jinyar kafaɗa a lokacin, shi ne a 2025 ya yi bugun tsallake katanga fiye da 30, ya kuma saci zango fiye da 30, ya zama abin alfaharin filin Wrigley. Amma sauran musayar ba ta haifar da abin kirki ba, domin yaran biyu da aka karɓa a madadin Bryant babu wanda ya zauna. Schwarber da aka kora kyauta kuma ya je Philadelphia Phillies ya yi bugun tsallake katanga 46 a 2022, 47 a 2023, 56 a 2025. Don haka ban zargi Hoyer da sayarwa ba. Zargina yana kan shekarun 2017 zuwa 2020, lokacin da ake da komai, aka bar gona ta bushe, aka kuma kasa yanke shawarar wa za a riƙe, wa za a sallama tun darajarsa tana sama.

Idan wani ya ce ai wannan ita ce ƙaddarar kowace ƙungiya, hawa da sauka, sai in nuna masa Brewers. Milwaukee ƙaramin birni ne mai nisan kamar kilomita 150 daga Shikago, kuma kuɗin da ƙungiyarsa ke kashewa bai kama ƙafar na Cubs ba. Ita ma tana rabuwa da taurarinta: ta ba da Josh Hader a 2022, Corbin Burnes a farkon 2024, Devin Williams a ƙarshen shekarar. Amma ɗaya-ɗaya take yi, kuma kafin ta saki wani ta riga ta reni wanda zai gaje shi. Daga 2018 zuwa 2025 sau ɗaya tak ta rasa shiga gasar Oktoba. A shekarar da Cubs ta ƙwace mata koci, ta ɗaga mataimakinsa Pat Murphy, ta kuma ba Cubs ratar wasa goma. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙungiyar da ke jira sai hunturu ta je kasuwa da buhun kuɗi ta sayo abin da ya kamata a ce ta shuka shekaru biyar da suka wuce, gorar ranar tafiya take fafewa.

Akwai kuma wani lissafi da ba ya shiga littafin kowane akanta. Duk lokacin da aka ce za a sake gini, haƙuri ake roƙon masoya, kuma haƙurin nan da shekarun rayuwarsu suke biyansa. Mai ƙungiya ba ya asara, domin babu faɗawa ƙaramin rukuni, kuɗin talabijin kuma yana shigowa ko an ci ko ba a ci ba. Har sai da abin ya yi yawa, a yarjejeniyar 2022 aka mai da zaɓen matasa shida na farko ta hanyar ƙuri'a, don a rage wa ƙungiyoyi kwaɗayin faɗuwa da gangan. Bayan watsewar 2021, Baba ya sa jikarsa ta rubuto mini saƙo. Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi a 2011 da aka nemi ya ba da shekara biyar ya bayar, domin yana da su, kuma an biya shi, amma wannan karon an zo rance wurin wanda aljihunsa ya kusa ƙarewa. Ya rasu a farkon 2023, ana shirin fara kaka.

Saboda haka da ƙungiyar ta ci wasa 92 a 2025, ta kuma fitar da Padres, wanda shi ne karo na farko da ta tsallake wani mataki a gasar Oktoba tun 2017, murnata ta zo da ɗan ɗaci. A ranar 11 ga Oktoba, Brewers ɗin nan dai ita ce ta yi waje da ita a wasa na biyar, ci uku da ɗaya. Kuma ban manta da cewa domin a kai ga wannan matsayi, a watan Disambar 2024 an ba Houston Astros Cam Smith, matashin da aka zaɓa a sahun farko a shekarar, tare da wasu biyu, aka karɓi Kyle Tucker wanda kaka ɗaya ta rage a kwantiraginsa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ban daina son Cubs ba, kuma ba na jin zan daina. Wasannin ranar Juma'a da ake farawa da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana a Wrigley suna riskata da ƙarfe bakwai da minti ashirin na yamma, kuma har yau iyalina sun san ba a aikena a wannan lokaci. Abin da ya sauya shi ne yadda nake karanta labaran hunturu. A da idan na ji an ɗauko wani tauraro a kan miliyoyin daloli nakan kwana ina murna. Yanzu tambayata ta farko ita ce me aka bayar, ta biyu kuma su wane ne ke tasowa a ƙananan ƙungiyoyin da ke Iowa da Tennessee da South Bend, musamman masu jifa, kuma a cikin taurarin yau wa aka zauna da shi aka sabunta masa kwantiragi tun kafin wa'adinsa ya ƙarato. Ranar da na ga ƙungiyar tana kan ganiyarta amma ana ta kwasar iri ana kaiwa kasuwa, to na san abin da ke tafe, ko da wane suna shugabanninta za su kira shi. Allah Ya kai mu wata kakar da rai da lafiya.